Ƙasar Noma Tana da Rai: Yadda Za a Nuna wa Yara da Manya da Wasa da Zane

Assalamu alaikum. Malamai, iyayena mata, da malaman gona da ke can baya, ku matso gaba, akwai kujeru. Abubuwa huɗu na zo da su, kuma babu wanda ke buƙatar ɗakin gwaji.

Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta ce kashi 95 cikin ɗari na abincinmu daga ƙasa yake fitowa, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasar noma ta duniya ta riga ta lalace. Ka faɗa wa manomin masara a Saminaka ko mai citta a Kachia wannan lissafi, zai gyaɗa kai, gobe ya cinna wa karan gonarsa wuta. Ba taurin kai ba ne, bai gani da idonsa ba ne. Gani ya kori ji. To, aikinmu mu sa a gani, yaro ya gani ya kai labari gida.

Na farko, gwajin kwalba, wannan sauri zan yi. Zuba ƙasa ta kai kashi ɗaya cikin uku na kwalba, cika da ruwa, sa ɗan garin sabulun wanki, a girgiza minti 3. Rairayi zai kwanta cikin minti ɗaya, turɓaya bayan kamar awa 2, yumɓu sai ya kwana ɗaya ko biyu. Yara su ja layi a jikin kwalbar. Shi ke nan, sun san bambancin jigawa da fadama.

Na biyu, binne ƙyalle. A nan zan ɗan daɗe, ku yi haƙuri, don wannan shi ne wanda ke juya tunanin mutum. A nemi farin yadi na auduga zalla. Na ce zalla. Kada a yanka rigar maigida, a je kasuwa a sayi yadi ɗaya! (dariya) Yadda za a gane auduga: zare zare ɗaya a ƙona. Auduga tana ƙamshin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi. Idan ya narke ya dunƙule kamar leda, roba ce a ciki, ko shekara ya yi a ƙasa haka za a tono shi. Wannan shi ne kuskuren da ya fi ɓata gwajin. A wanke yadin don sitaci ya fita, a yayyanka santimita 20 tsawo, 20 faɗi. A haƙa rami mai zurfin santimita 15, a shimfiɗa, a mayar da ƙasar yadda take, a kafa turke.

Ina za a binne? Wuri huɗu: ƙarƙashin ɗorawa inda ganye ke zuba, gonar da ake kai wa takin gargajiya, gonar da ake ƙonawa duk shekara, da filin ƙwallon makaranta. Kowane wuri ƙyalle 3, ba ɗaya ba, don ɗaya yana iya yaudara. A raba yara rukuni-rukuni, kowane rukuni ya yi hasashen nasa zai fi cinyewa, a rubuta a allo. Gasa ke nan. Bayan mako 8 a tono.

Me za a gani? Na ƙarƙashin ɗorawa yakan fito duk huji, wani ma sai gefe-gefe, ya yi baƙi, yana ƙamshin ƙasar ruwan fari. Na filin ƙwallo ya yi datti kawai, ka ja shi ba ya yagewa. Yaro zai tambaya, Malam, wa ya ci? Wannan tambayar muke nema tun farko. Ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani suka ci, su ne kuma ke ruɓar da kara da kashin shanu su mayar da su abincin shuka. Inda ba a bar musu abinci ba, sun ƙaura ko sun mutu. Wanda ya ƙone kara, abincinsu ya ƙone. Ina maimaitawa, abincinsu ya ƙone.

Amma a kula da gara. Gara tana cinye ƙyalle ko a mataciyar ƙasa, sai ku ɗauka ƙasar ce mai kyau. Duba jikin ƙyallen, idan da ginin laka irin nata, a ware shi. A yi nesa da suri. Haka fadamar da ruwa ke kwanciya, babu iska a ciki, ruɓewa na tafiya a hankali, kada a yi mata hukuncin ƙarya. Sai maganar lokaci. Ranar Ƙasa ta Duniya 5 ga Disamba ce, an fara bikinta a hukumance a 2014, kuma a nan Kaduna lokacin hunturu ne, ƙasa ta bushe ƙarau. Wanda ya binne a Nuwamba ba zai ga komai ba. A binne farkon Yuli, a tono ƙarshen Agusta, a shanya a inuwa, a adana, ranar bikin a rataye su a igiya iyaye su zo su gani.

Na uku... af, na ukun ma yana haɗe da wannan, wato zane. Kowane wurin da aka tono, a ɗebo ƙasarsa, a shanya, a daka, a tankaɗe da rariya mai laushi. A jiƙa ƙaro ya kwana, kamar yadda almajirai ke yi wa tawada. Cokali 2 na garin ƙasa, cokali ɗaya na ruwan ƙaro. Ƙaro ya yi kaɗan, zanen ya kakkaɓe; ya yi yawa, ya tsattsage. Jar ƙasa ƙarfe ne a cikinta ya yi tsatsa, baƙa kuwa galibi ruɓaɓɓen ganye ne. Kuma mu ba baƙi ba ne a wannan fasaha: mutum-mutumin Nok, da aka sa wa sunan ƙauyen Nok a ƙaramar hukumar Jaba, yumɓu ne aka gasa fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Ga zanen bangon gidajen Zariya.

Na ƙarshe, na huɗu ke nan, gorar ruwa uku a tsaga a kwance... Na'am Baba, bismillah.

(Wani dattijo: Malam, kana nufin mu daina sa takin zamani ke nan?)

A'a Baba, Allah ya ƙara girma, ban ce haka ba. Masara a ƙasarmu tana buƙatar kamfa da yuriya. Matsalar ita ce a sa su su kaɗai shekara da shekaru: yuriya tana ƙara wa ƙasa tsami, kuma ƙasar da ba ta da ruɓaɓɓen taki ba ta riƙe shi, ruwan sama ɗaya ya wanke kuɗinka. A haɗa da na gargajiya, a binne yuriya kada a watsa a sarari, a riƙa juyawa da waken suya ko gyaɗa, wanda hakan ke rage ciyawar wuta-wuta ma. Ga abin da za ka yi da jikokinka bana: idan gyaɗa ta fara fure, tona gindi ɗaya a hankali, wanke saiwar, za ka ga ƙananan ƙulle-ƙulle. Tsaga ɗaya da reza. Idan cikinsa ja-ja ne, yana janyo wa gonarka taki daga iska. Idan fari ne ko kore, ba ya aiki. In ka ga haka, ɗebi ƙasar gonar daga wurare da dama, haɗa, a kai cibiyar binciken aikin gona da ke Samaru, Zariya, a auna. Gorar kuma, an kira salla, bayan an idar mu haɗu a waje in nuna muku.