Sharhi: Inda Harsunan Mongol Suka Kwana

Assalamu alaikum masu sauraro. Duk wanda ya zauna gaban malam aka karanta masa faɗuwar Bagadaza a shekarar 1258 ya ji sunan Hulagu, jikan Jengis Khan. Daularsu ta Mongol ta rushe tun tuni, amma harshen da mahayan nan suke yi bai bi ta ba. Ya hayayyafa, har yau zuriyarsa ta kai harsuna goma ko fiye, kuma in ka bi su a taswira, sawun dawakan nan kake bi.

Dangi ne matasa. Kusan dukkansu sun fito ne daga harshen zamanin Jengis Khan, wajen shekara 800 ke nan, shi ya sa kamanninsu ba su ɓace ba. Ku ɗauki doki, dabbar da ta kai su ko'ina. Mutumin Ulan Bato, babban birnin Mongoliya, zai ce "mor", ɗan ƙabilar Buryat na bakin tafkin Baikal a Rasha ya ce "morin", Kalmik kuma ya ce "morn".

Babban yaya shi ne Halha, harshen hukuma na ƙasar Mongoliya. Sai dai wani abin mamaki, Mongolawan da ke cikin China sun fi na Mongoliyar kanta yawa. Kuma iyakar ta raba musu alƙalami. Na China suna nan da rubutun kakanni da aka aro daga al'ummar Uigur, wanda ake jerawa daga sama zuwa ƙasa kamar igiyoyi a rataye. Asalinsa Aramaik ne, tsohon rubutun Gabas ta Tsakiya, ashe ɗan'uwan baƙaƙen Larabci ne na nesa. Mongoliya kuwa ta koma baƙaƙen Rasha a shekarun 1940, lokacin da take ƙarƙashin inuwar Tarayyar Sobiyet. Wanda ya san yadda boko ya ture ajami gefe ba sai an yi masa dogon bayani ba. Daga 2025 gwamnatin Mongoliya ta ce a riƙa rubuta takardun hukuma da duka biyun.

Ƙannen ne ke ban tausayi. Kalmik sun yi ƙaura zuwa bakin kogin Bolga na Rasha a ƙarni na 17, suka zama masu harshen Mongol a cikin Turai. A watan Disamban 1943 Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, ya kwashe su kaf zuwa Saiberiya, ba a bar su sun dawo ba sai 1957. Yaran da suka tashi a can da Rashanci suka tashi, kuma har yau shi ya fi ƙarfi a titunan Elista, babban birnin yankinsu. A lardin Gansu na China akwai ƙabilun Dongshiyan da Bonan, Musulmi ne, Sinanci ya kewaye su ta ko'ina.

A ganina, ajin makaranta ne fagen dagar yanzu. A 2020, da hukumomin China suka mayar da koyar da wasu darussa zuwa Sinanci a yankin Mongoliya ta Ciki, iyaye da yawa sun hana 'ya'yansu zuwa makaranta. Sun san abin da suke gudu. Can kusa da Herat a Afghanistan akwai harshen Mogol, na jikokin sojojin da aka girke suka zauna. Tun shekarun 1970 da masu bincike suka je, tsofaffi ƙalilan suka tarar suna yinsa, matasan ƙauyukan duk sun koma Farisanci.