Kanwa ba ta ƙara taurin ruwan kifi

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kallo. Tun da damina ta kankama a Garwa da Marwa ake ta aiko mana da saƙonni a WhatsApp daga masu kiwon kifin ado a akwatin gilashi, kuma kusan duk koken iri ɗaya ne: sun cika akwati da ruwan sama saboda tsabtarsa, kifi ya yi lakwas, katantanwa ta fara zaizayewa, sai wani ya ba su shawarar su jefa ɗan gutsuren kanwa domin ruwan ya yi tauri. Wannan shawara ce muka zo mu warware, domin tana kashe kifi.

Taurin ruwa, wanda kwalbar gwaji ke rubutawa da GH, yawan kalsiyom da magniziyom ne da suka narke a cikinsa. Shi ne farin ɓawon da kuke gani a gindin wannan tukunyar shayi, shi ne kuma yake hana sabulu yin kumfa a ruwan wasu rijiyoyi. Ruwan sama ba shi da su kusan ko kaɗan. Kifaye irin su gupi da moli da kifayen tafkin Malawi suna buƙatarsu domin ƙashi da ƙwai, katantanwa kuma da su take gina gidanta.

Akwai awo na biyu, KH, wanda yake auna kabonat da bikabonat, wato abin da ke tare tsami don kada pH, ma'aunin tsamin ruwa, ya faɗi farat ɗaya. Haruffan sun yi kama, kwalaben biyu sukan zo a kwali ɗaya, kuma daga nan ruɗanin ya samo asali.

Ga kanwa a hannuna, ungurnu ce irin wadda ake kawowa daga yankin tafkin Chadi. Abin da ke cikinta sodiyom kabonat ne da sodiyom bikabonat, haɗe da gishiri da ƙasa, kuma babu kalsiyom ko magniziyom ɗin da kifinku yake nema. Ku lura da kofunan nan biyu na ruwan sama. Na farko mun gwada shi yadda yake, ɗigo ɗaya na ruwan kwalbar gwajin GH ya juya launinsa, alamar kusan ba shi da tauri. Na biyu mun narka kanwa a ciki, launin ya sake juyawa a ɗigo ɗaya, alhali KH da pH sun yi tashin gwauron zabi. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin halinta, tun da kanwa suke sa wa wake idan ya ƙi nuna, domin aikinta tausasawa ne. A cikin ruwa ma haka take yi: kabonat ɗinta yana kama ɗan kalsiyom ɗin da ke akwai, ya mayar da shi farin gari ya kwanta a ƙasa. Saboda haka mai zuba kanwa yana iya rage taurin da ya fito nema.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, idan pH ya haura, ammoniya da ke fitowa daga kashin kifi tana rikiɗa zuwa nau'inta mai guba, ta ƙona gaɓoɓin numfashinsu. Da safe sai a tarar da kifi a saman ruwa yana haki. Kanwar kasuwa kuma ba ta da ma'auni, wannan gutsuren ya fi wancan ƙarfi, babu hanyar da mai kiwo zai san abin da ya zuba. Bikabonat na kantin magani ya fi ta tsabta da sauƙin awo, gram 3 a lita 100 yana ɗaga KH da kimanin digiri 1 (da digiri ake auna KH da GH), amma shi ma ba ya taɓa GH. Gishirin miya kuwa ba ya ɗaga ko ɗaya daga cikinsu.

To, mene ne yake aikin? Hanyar da na fi yarda da ita ga mai farawa ita ce ɓawon kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo kamar katantanwa, wanda masu sayar da abincin kaji suke niƙawa. A wanke shi sosai, a ƙulla cikin hannu ɗaya a tsumma mai raga, a sa a cikin matatar ruwa. Kalsiyom kabonat ne, yana narkewa sannu a hankali, yana ɗaga GH da KH tare, kuma narkewarsa tana raguwa da kanta idan tsamin ruwa ya ragu. Ɓawon ƙwai da aka tafasa aka cire fatar ciki yana yin irin wannan aiki, haka nan farin dutsen da ake haƙowa a wajen Figil da Bidzar. Ku ɗiga masa ruwan lemun tsami, idan ya yi kumfa to shi ne. Ɗanyen dutsen nake nufi. Wanda aka ƙona aka mayar farar ƙasar shafe bango, ko siminti, kada su kusanci akwati.

Wanda KH ɗinsa ya wadata, GH kaɗai yake so ya ɗaga, sai ya nemi salfat na kalsiyom mai tsabta, gram 3 a lita 100 yana ba da kimanin digiri 1. Gishirin Epsom, wato salfat na magniziyom, gram 4 da rabi yake buƙata don digiri 1, sai dai magniziyom ne zalla, don haka a haɗa kashi ɗaya nasa da kashi uku na kalsiyom.

A narka komai a bokiti lokacin canjin ruwa, a zuba a hankali, kada a wuce digiri 1 ko 2 a yini. Gupi da moli suna sakewa daga wajen digiri 8 zuwa 12 ko sama. Amma mai kiwon tetra ko diskus, waɗanda asalinsu kogunan Amazon ne masu taushin ruwa, ya bar GH ɗinsa yadda yake, ya sa ido a kan KH kawai.

Saura batun bazara. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Garwa da Kusuri da Injamena, ruwan akwati yana ƙafewa da sauri, amma kalsiyom ba ya bin tururi, yana nan a ciki yana taruwa. Don haka ruwan da za a cike gurbin wanda ya ƙafe ya zama mai taushi, ba a sa masa komai ba. Sai ranar da aka kwashe ruwa da hannu aka zubar ne ake ƙara wa sabon ruwan sinadari, daidai yawan litar da aka fitar, sannan a sake gwaji bayan kwana biyu a rubuta lambar a jikin akwatin.