Zaren Fim Mai Cin Wuta: Yadda Tsofaffin Finafinai Suka Iso Hannunmu

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ni ce Hadiza, ina tare da Malam Garba da Aminu. Yau mun nufi zamanin da silimar Amurka take ganiyarta, daga 1927 da fim ya fara magana zuwa wajen 1960, lokacin da kamfanonin MGM da Paramount da Warner da Fox da RKO suke riƙe da kasuwa. Za mu shiga ta ƙofar zaren fim ɗin kansa, domin shi ne ya yanke hukuncin wane fim ya rayu, wanne ya mutu. Malam, bismillah.

Malam Garba: Wa alaikumus salam. To, a fara sanin abin da ake magana a kai. Faɗin zaren milimita 35 ne, kowane hoto yana da huji 4 a kowane gefe, nan ne haƙoran injin suke kamawa su ja. Hoto 16 ne a ƙafa guda. Da sauti ya shigo sai aka tsayar da gudun a kan hoto 24 a daƙiƙa, wato ƙafa 90 a minti. Ku lissafa fim na awa 2, ƙafa 10,800 ke nan, ya haura kilomita 3.

Aminu: Kuma ba a naɗi ɗaya yake zuwa ba.

Malam Garba: Ina fa! Naɗi mai ƙafa 2,000 minti 20 da 'yan kai yake ɗauka. Shi ya sa ɗakin majigi yake da inji 2. Duk wanda ya kalli tsohon fim da kyau zai ga wani ɗigo yana ƙyaftawa a kusurwar sama ta dama. Na farko yana fitowa saura kusan daƙiƙa 8 naɗin ya ƙare, yana ce wa mai majigi ya tayar da injin na biyu. Ɗigo na biyu, saura kusan daƙiƙa 1, sai ya juya haske da sauti a lokaci guda. In ya makara, allo ya yi fari fat, jama'a su hau ihu. In ya yi gaggawa, ya yanke wa ɗan wasa magana a baki.

Hadiza: Aminu, faɗa mana abin da ya sa wannan aiki yake da haɗari.

Aminu: Yaya Hadiza, sinadarin da aka yi zaren da shi ne, naitiret. Ɗan uwan audugar da ake haɗa albarushi da ita ne. Idan ya kama wuta, shi yake samar wa kansa iskar da wutar take ci, don haka ko ka lulluɓe shi da bargo, ko ka tsoma shi a ruwa, yana iya ci gaba da ci, ga hayaƙi mai guba. Sannan ga fitilar majigin: sandunan gawayi 2 ne wutar lantarki take tsallakawa a tsakaninsu, zafinta ba a magana. Muddin zaren yana tafiya, lafiya lau. Da zarar ya maƙale a gaban hasken, nan take ya kama. Saboda haka ake kulle naɗin a cikin akwatin ƙarfe a sama da ƙasan injin, tagogin ɗakin kuma a sa musu murfin ƙarfe da aka rataye da wani ɗan ƙarfe mai saurin narkewa. Zafi na tashi, sai ya narke, murfin ya faɗo ya rufe.

Malam Garba: Mu nan ba labarin nesa ba ne. A 1951 gidan silima na El Duniya da ke Kano ya ƙone, sama da mutum 300 suka rasu, kuma binciken hukuma ya nuna daga zaren naitiret wutar ta tashi a ɗakin majigi. Allah ya jiƙansu.

Hadiza: Amin, Malam.

Aminu: Amin. Kuma ko ba a saka shi a inji ba, yana ajiye ma ruɓewa yake. Da farko hoton ya dushe, zaren ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Sai ya fara danƙo. Sai kumfa ta fito da wari mai hawa kai. Daga nan naɗin ya dunƙule ya zama curi guda, ƙarshe ya zama gari. A matakai 2 na farko ana iya kwafe shi a ceto hoton, a na 3 sai dai a tsinci wasu sassa. Wanda ya fara ruɓewa kuwa, in ya daɗe a zafin da ya kai digiri 41, yana iya kama wuta da kansa.

Hadiza: Wato zafin bazara na watan Afrilu ya ishe shi. Abin da ya faru da rumbun Fox ke nan a Little Ferry, jihar New Jersey, a watan Yuli na 1937, ana cikin tsananin zafi. Mafi yawan finafinan kamfanin marasa magana suka tafi a dare ɗaya. MGM ma rumbunta ya ƙone a 1965. Wasu kuma kamfanonin ne da hannunsu suka lalata, don su cire azurfar da ke jikin zaren, tunda a ganinsu fim mara magana ya gama kawo kuɗi. Babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya fitar da rahoto a 2013: cikin dogayen finafinai marasa magana kusan 11,000 da ƙasar ta yi, kashi 70 cikin 100 sun ɓace gaba ɗaya, kashi 14 kacal suka tsira a ainihin siffarsu. Wannan lissafin yana taɓa ni ƙwarai. Masu son finafinan Indiya ma su sani, Alam Ara na 1931, fim ɗinsu na farko mai magana, babu shi a yau.

Malam Garba: To amma ga wani abin mamaki. Fim na 1939 mai launi, irin su The Wizard of Oz da Gone with the Wind, za ka gan shi jajir, shuɗinsa shar, alhali wani na 1960 ya koɗe. Dalilin yana cikin kyamarar Technicolor, kamfanin da ke sarrafa launin waɗannan finafinai. Zare 3 take ja a lokaci guda, kuma dukkansu baƙi da fari ne.

Aminu: Malam, a warware wannan a hankali, nan ne mutane suke ruɗewa.

Malam Garba: Haske ya shigo ta madubin kyamara, sai ya tarar da wani gilashi mai raba shi gida 2. Kashi ɗaya ya wuce kai tsaye ta matacin kore, ya sauka a zare na farko, wannan ya ɗauki koren da ke wurin. Ɗaya kashin a karkatar da shi gefe, ya sauka a kan zare 2 da aka haɗa fuska da fuska. Na gaba ya ɗauki shuɗi, kuma a jikinsa akwai rini ja-ja da yake tare shuɗin, sai ja kaɗai ya isa ga na baya. Ka samu nagetif 3, wato zaren asali da ake kwafa daga gare su, babu launi a jikin ko ɗaya balle ya koɗe, kowanne dai ya rubuta yawan launinsa da duhu da haske. A ɗakin wanki sai a yi wa kowanne wani zare mai tudu da kwari, inda tudun yake shan rini. Na ja a ba shi shuɗi mai ratsin kore, na kore a ba shi ja mai ratsin shunayya, na shuɗi a ba shi ruwan ɗorawa. Sai a danna su ɗaya bayan ɗaya a kan zare guda, kamar mai buga hatimi sau 3 a gurbi ɗaya ba tare da ya goce ba.

Hadiza: Kuma tunda an raba hasken, kowane zare kaɗan yake samu. Dole a cika wurin ɗauka da fitilu. A wajen ɗaukar The Wizard of Oz zafin yakan haura digiri 38, ga mutum cikin rigar zaki. Kyamarar ma ba a sayar da ita, haya ake yi, ta zo da ma'aikacinta da mai ba da shawara kan launi. Shi ya sa sunan Natalie Kalmus yake a farkon finafinai masu yawa na lokacin. Ita ke duba launin tufafi da na bango. Dogon fim na farko da aka yi gaba ɗaya da wannan tsari shi ne Becky Sharp, a 1935.

Aminu: Sai kamfanin Kodak ya fito da zaren launi mai suna Eastmancolor a 1950, zare ɗaya tal, yana shiga kowace kyamara, ga arha. Zuwa 1955 an ajiye mai zare 3. Matsalar ita ce launin yana cikin zaren ne a matsayin rini, kuma rinin ba tare suke tsufa ba. Shuɗin da ruwan ɗorawar suke fara gudu, su bar jan, sai fim ya koma ruwan hoda, sama ruwan hoda, ciyawa ruwan hoda. Wannan na cikin abin da ya tayar da hankalin darakta Martin Scorsese, har ya kafa gidauniyar ceto finafinai a 1990.

Malam Garba: Kada a ɗauka Technicolor ba ta da nata ciwon. Nagetif ɗin nan 3 suna ƙanƙancewa da shekaru, kuma kowanne da gwargwadonsa. In ka ɗora su yadda suke, sai ka ga jan layi a gefen fuska ɗaya, kore a ɗaya gefen, hoton ya yi dishi-dishi. Masu gyara yanzu suna ɗaukar kowane nagetif daban a na'ura, hoto bayan hoto, kwamfuta ta miƙe su har su hau kan juna daidai. In zaren ya karce, a ratsa shi ta cikin wani ruwa lokacin ɗauka, ruwan ya cike karcen, haske ya wuce bai gan shi ba. Inda nake faɗa da wasu masu gyaran shi ne wajen goge tsakin hoto. Wannan ɗan yashi-yashin da ake gani ƙwayoyin azurfa ne, su ne hoton. In ka goge su, fatar mutum ta koma sumul, saƙar tufafi ta ɓace. Wannan ɓarna ce, ko da an kira ta gyara.

Hadiza: Akwai ɓarnar da mai kallo yake yi da kansa a gida. Finafinan da aka yi daga 1932 zuwa 1953 faɗinsu 1.37 ne a kan tsayi 1, kusan murabba'i. Talabijin ta yau mai faɗi ce. In ka danna maɓallin cika allo, ko dai a miƙe mutane su yi ƙiba, ko a sare musu kai da ƙafa. A bar baƙin nan na hagu da dama, haka aka tsara hoton. Faɗaɗɗen allo ya kankama ne da tsarin CinemaScope a 1953, da fim ɗin The Robe.

Aminu: Haka marasa magana. Da hannu ake juya kyamarar, sau da yawa hoto 16 zuwa 20 a daƙiƙa. Wanda aka ɗauka a 18 in ka kunna shi a 24, ka ƙara masa kashi 1 cikin 3 na gudu, mutane su riƙa tafiya a firgice. Kwafin kirki yana daidaita gudun. Yakan kuma dawo da rinin asali, domin da yawansu tsoma su ake yi a launi: shuɗi dare ne, ruwan zuma kuwa hasken fitila.

Hadiza: Malam, a ce wani ya tsinci gwangwanayen fim a tsohon sito. Me zai yi?

Malam Garba: Kada ya saka a inji, kada ya kusanto da wuta. Ya buɗe a inuwa, wurin da iska take kaɗawa. Ya auna faɗin. In milimita 16 ne ko 8, na Kodak ba a taɓa yin su da naitiret ba. In 35 ne, ya ɗaga gefen zaren ga haske, yawanci zai ga an rubuta NITRATE ko SAFETY. Kodak ya daina yin naitiret a farkon shekarun 1950, ya koma wani sinadarin, asitet, wanda shi ne ake rubuta wa SAFETY. Shi asitet ba ya tashi da wuta haka, amma yana da cutarsa: in ka buɗe ka ji tsami irin na binega, ya fara lalacewa, zai ƙanƙance ya kanannaɗe. A raba shi da sauran nan take, domin tururin tsamin yana hanzarta lalacewar na kusa da shi. Akwai 'yar takardar gwaji da ake sakawa cikin gwangwanin, shuɗiya ce, in ta koma kore ciwo ya fara, in ta koma ruwan ɗorawa ya yi nisa.

Aminu: Maganin duka sanyi ne da bushewa. Rumbun naitiret na Culpeper a jihar Virginia ta Amurka yana kan digiri 4, danshi kashi 30 cikin 100. Kuma kada a zubar don an ga ya tsufa. A 1978 an tono naɗi sama da 500 a Dawson City ta Kanada, cikin tsohon wurin ninƙaya da aka cike da ƙasa, ƙanƙara ta tsare su. A 2008 aka gano kusan minti 25 na Metropolis, wani fim ɗin Jamus mara magana, da aka fid da rai da su, a wani gidan tarihi a Buenos Aires ta Ajantina, a kan zare mai milimita 16 duk ya karce.

Malam Garba: Ya rubuta abin da ke jikin gwangwanin, ya ɗauki hotonsa da waya, ya nemi ma'ajiyar finafinai ta ƙasa da ke Jos, ko gidan adana tarihi mafi kusa da shi.

Hadiza: Mun gode, Malam. Mun gode, Aminu. A mako mai zuwa za mu shiga sauti, daga faifan sauti na Vitaphone mai inci 16 zuwa layin sautin da aka buga a gefen zaren. Mu kwana lafiya.