Katin Rigakafi: Daga Haihuwa Zuwa Wata 15

Assalamu alaikum. Masu saurarenmu na cikin birnin Katsina, da ku mutanen Daura da Mashi da Dutsin-Ma, barkanmu da warhaka. Duk mai goyo ta ɗauko katin rigakafin ɗanta ta riƙe, da shi za mu yi karatun yau.

Jariri ba ya zuwa duniya hannu rabbana. A watannin ƙarshe na ciki, uwa na tura masa garkuwar jikinta ta cibiya. Da ya faɗo kuma ga dakashi, nonon farkon nan mai kauri, mai launin ɗorawa, wanda har gobe wasu kakanni ke cewa a matse a zubar, wai datti ne. Iya, don Allah ki bar wa jikanki abinsa, cike yake da kariya. A sa shi a nono cikin awa guda da haihuwa.

To amma kayan aro ba ya rufe katara. Garkuwar uwa raguwa take yi wata bayan wata, shi ya sa aka tsara allurai yadda jikin yaro zai koyi kare kansa kafin ta ƙare.

Ki duba layin farko. Ranar haihuwa abu uku ne: BCG ta tarin fuka a damtse, ɗigon shan inna a baki, sai ta ciwon hanta, wadda aka fi so a yi cikin awa 24. Kada a ce sai an yi suna. Wurin BCG zai yi ɗan ƙurji ya bar tabo, haka ake so, kar a shafa masa komai.

Layi na biyu, mako 6. A nan mu ma'aikatan lafiya muke daina ganin yara da yawa a wurin rigakafi, musamman 'yan fari da uwarsu ta tafi wankan gida. Lissafin ba wuya: ranar da kika yi arba'in, ƙara kwana biyu. Kafin ki fita yawon arba'in, fara biyawa ta asibitin da ke kusa, ko a garin iyayenki kike, katin ya isa. Ranar za a yi masa Penta a cinya, allura ɗaya mai tare cuta biyar, ciki har da tarin shiƙa da mashaƙo. Wanda ya ga yadda mashaƙo ya yi ɓarna a Kano da nan Katsina a 2023 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Akwai ta ciwon huhu, da ɗigon gudawa. A maimaita a mako 10, a sake a mako 14.

Me ya sa har sau uku? Kamar ɗan makarantar allo ne: biyawa ɗaya ba ta zama hadda. Jikinsa zai iya yin zafi da daddare, ya yi ta rigima. Ki ba shi nono sosai, da farasitamol gwargwadon yadda muka auna miki. Maigida, wannan zazzaɓin na kwana ɗaya ko biyu ba dalilin hana ta komawa ba ne.

Wata 6, sinadarin bitamin A, a fara kunu mai kauri da ƙuli ko waken suya, nono kuma na nan. Kafin nan nono zalla, ko da zafin Afrilu ne, don mafi yawan nono ruwa ne. A wannan zuwan ina duba ko yaro ya fara zama, ko yana waiwayowa idan an kira shi.

Wata 9, ƙyanda, shawara da sanƙarau. An jinkirta ta ƙyanda ne saboda ragowar garkuwar uwa kan hana ta kamawa da kyau. Ta biyu a wata 15.

Ga saƙo daga wata baiwar Allah a Daura, tana cewa ɗanta ya tsallake ta mako 10, yanzu watansa biyar. Hajiya, ba a komawa farko. Ki kai shi ranar rigakafi mai zuwa, daga inda ya tsaya za a ɗora, kuma kyauta ne.