Amsoshin Tambayoyinku: Matso da Kan Babur Kusa da Mai Tuƙi

Jama'a, barkanmu da warhaka. Wasiƙar farko daga Jidda ta fito. Mai sauraronmu ya ce babban babur yake hawa, irin mai shimfiɗaɗɗiyar kujera, kuma kafin ya kai Madina kafaɗunsa sun riƙe don sai ya miƙe hannu sosai yake kamo kan. Yana tambaya: raiza za ta yi magani?

Za ta yi, Malam, in ka sayi wadda ta dace. Raiza ƙarafa ne biyu da ake ɗaurawa tsakanin kan babur da mazauninsa. Miƙaƙƙiya sama kawai take ɗaga kan. Kai mai lanƙwasa baya kake nema, ita ce ke matso da shi wajenka. Hau babur, zauna daidai, rufe ido ka miƙa hannu, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, wani ya auna tazarar da ke tsakanin tafinka da mariƙi. Wannan awon za ka kai shago.

Auna kaurin ƙarfen kan: yawanci inci 1 ne ko 7/8. Auna kuma tazarar ramukan noti biyu. A yawancin Harley-Davidson inci 3.5 ce, na Japan sukan bambanta. Kada wanda ya ce maka “ai duk ɗaya ne”.

Inda ake yin kuskure shi ne wayoyi. Ƙarin inci 2 yawanci wayoyin asali sukan kai. Ya wuce haka, sai an sake wayar totur, ta kuloci da tiyon birki. Bayan ɗauri, tayar da inji a sulo, juya kan dama har ƙarshe, sannan hagu. In ƙarar inji ta tashi da kanta, wayar totur ta ɗame, kuma a kwanonin Hada, hanyar dutse ta zuwa Ɗa'if, haka za ta ja maka wuta ba ka nema ba. Duba ma ko kan yana dukan tanki.

Wani daga Makka ya ce tun da ya ɗaura raiza mai inci 6 kan yake rawa. Ɗan'uwa, robobin ƙarƙashin raizar ne. Zafin ƙasar nan yana busar da su, doguwar raiza kuma tana ƙara musu nauyi. Canja su, ka ɗaure notin da sifana mai awo yadda littafin babur ɗin ya ce. In ka sake tiyon birki, fitar da iska, kuma kada ka gauraya man birki nau'in DOT 4 da na DOT 5.