Sharhi: Deira, Inda Dubai Take Cin Kasuwa

Masu sauraro, assalamu alaikum. Da an ambaci Dubai, abin da ke faɗo wa yawancin mutane a rai shi ne dogayen benaye da manyan kantuna masu sanyi. Amma 'yan kasuwarmu da ke zuwa sari daga Kano da Maraɗi da Yamai sun san cewa hada-hadar gaske tana Deira, tsohuwar unguwar da ke arewacin mashigin ruwan da ya raba birnin biyu. Abin takaicin shi ne da yawa suna shafe mako guda a can, daga masauki sai shago sai ofishin masu aika kaya, su dawo ba su ga unguwar ba. Deira wuri ne da ake takawa da ƙafa, kuma sai an san lokacinta ake jin daɗinta.

Isa can ba wuya. Daga tashar farko ko ta uku ta filin jirgin sama, mutum zai hau jirgin ƙasa na jan layi, ya sauka a Union, ya canza zuwa koren layi. Mai son kasuwannin tufafi ya sauka a Baniyas, mai son gwal da kayan ƙamshi ya wuce Al Ras. Ana biya da katin Nol, wanda ake saye a kowace tasha. A kula, cin abinci ko shan ruwa a cikin jirgin yana jawo tarar dirhami 100, haka ma namijin da ya shiga taragon mata da yara. A kan titi kuwa, tsallakawa a inda ba a ware wa masu tafiya a ƙasa ba tarar dirhami 400 ce, kuma baƙi ma suna faɗawa ciki, musamman idan suna ɗauke da kaya suna neman gajeriyar hanya.

Batun lokaci: shaguna da yawa a tsofaffin kasuwannin suna rufewa bayan azahar, ba sa sake buɗewa sai wajen la'asar, ranar Juma'a kuma galibi sai da yamma. A watannin Yuli da Agusta zafi yana haura digiri 40, ga gumi mai nauyi daga teku. Don haka a yi cinikin sari da safe, a huta da rana, a bar yawon buɗe ido zuwa bayan la'asar.

Mu tsaya a kasuwar gwal, domin nan ne kuɗi ya fi fita, nan ne kuma rashin sani ya fi tsada. Farashin sarƙa ko awarwaro kashi uku ne. Akwai kuɗin gwal ɗin kansa, wato nauyinsa a giram sau farashin ranar, wanda ake nunawa a alluna cikin kasuwar. Wannan ba a tayawa, duk shagunan da shi suke aiki. Akwai kuɗin ƙira, kuma a nan kaɗai ciniki yake. Sai harajin kashi 5 cikin ɗari da aka fara karɓa a 2018. Mai saye ya ce a rubuta masa ukun daban-daban. Wanda ya amince da jimla ɗaya ba zai taɓa sanin nawa aka ɗora masa na ƙira ba.

Sannan a juya kayan a duba hatimi. Karat shi ne ma'aunin tsantsar gwal. Lamba 750 tana nufin karat 18, 875 karat 21, 916 karat 22, 999 kuma karat 24. Karat 24 ya yi laushi da yawa ga kayan da za a riƙa sawa kullum, yana lanƙwashewa. Uwar da ke tara wa 'yarta gwal a matsayin ajiya ta fi dacewa da ƙira mai sauƙi, mara duwatsu, domin ranar sayarwa nauyin gwal kawai ake biya. Kuɗin ƙira ya tafi, duwatsun ma za a cire nauyinsu. A sa a auna a gaban ido, a karɓi rasit mai ɗauke da nauyi da karat. Baƙo yana iya karɓo mafi yawan harajin nan a filin jirgi, amma sai shagon ya yi masa rajistar cinikin da fasfo ɗinsa tun a lokacin saye, ya kuma nuna kayan kafin ya miƙa jakarsa a auna. Ko ba za a sayi komai ba, ya kamata a tsaya a ga katafaren zoben nan mai suna Najmat Taiba, wanda nauyinsa ya haura kilo 60.

A lungunan kasuwar za a yi ta cin karo da masu tare hanya suna raɗa wa mutum agogo da jaka na jabu, suna cewa a biyo su sama. Kada a bi su.

Tafiyar 'yan mintoci daga nan sai kasuwar kayan ƙamshi, inda buhunan kanumfari da kirfa da busasshen lemun tsami da lubban na Oman ke jere a bakin ƙofa. Wurin yana da daɗin kallo, amma farashin farko da ake faɗa wa baƙo yana da nisa da na gaskiya, sai a zagaya shago uku kafin a zaro kuɗi. Za'afaran ne aka fi yin algus a kansa. A jefa zare biyu a ruwan ɗumi: na gaske yana sakin launin rawaya a hankali, zaren ya ci gaba da zama ja, na rini kuwa nan take yake mayar da ruwan ja, zaren ya koɗe. Turaren al'ud kuma kada a yanke masa hukunci daga bakin kwalba. A shafa a hannu, a je a dawo bayan rabin sa'a, domin wanda aka sirka ƙamshinsa ba ya jimawa.

Kasuwar Naif, wadda gobara ta cinye a 2008 aka sake gina ta, ita ce ta abaya da mayafi da jallabiya. Ita da lungunan Murshid Bazar da ke kusa su ne suka fi kama da Kantin Kwari, wajen cunkoso da masu tura kaya da lissafin dozin. Mai sari ya buɗe kwali ya ƙirga kafin a ɗaure, domin samfurin da aka nuna a shago ba lallai ne ya zo daidai da abin da aka ɗauko daga sito ba. Wajen aikawa kuma, jirgin sama da kilo yake caji, jirgin ruwa da girman kwali, saboda haka kaya masu nauyi su bi ruwa idan ba a gaggawa. A tabbatar an rubuta ko kuɗin ya haɗa da na kwastan, don a nan ne rigima ta fi tashi bayan kaya sun iso.

Abin da ba ma so kowa ya bari ya wuce shi shi ne bakin ruwa. Da dirhami 1 kacal ake hawa abra, kwalekwalen katako mai inji da ke ɗaukar mutum kusan 20, ya tsallaka da su Bur Dubai, unguwar da ke ɗaya gefen ruwan, cikin minti biyar. A riƙe tsabar kuɗi, don a hannu direba yake karɓa. A gefen Deira kuma ga manyan jiragen katako ana loda musu firji da taya da buhunan shinkafa zuwa Iran da Somaliya. Wannan mashigin ruwa, da Sheikh Rashid bin Sa'id, sarkin Dubai na lokacin, ya sa aka yashe a ƙarshen shekarun 1950 don manyan jirage su iya shigowa, shi ne asalin arzikin birnin tun kafin a haƙo mai. A unguwar Al Ras akwai makarantar Al-Ahmadiyya da aka kafa a 1912, ɗaya daga cikin tsofaffin makarantun Dubai.

Kafin a kama hanya, a binciki jaka. Magunguna irin su tramadol da kodin suna ƙarƙashin doka mai tsanani a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, shiga da su ba takardar likita da izini yana iya kai mutum gidan yari. Tsabar kuɗin da ta haura dirhami 60,000 dole a bayyana ta ga jami'an kwastan. Ɗaukar hoton mutane ba da yardarsu ba laifi ne, musamman mata, don haka a kasuwa a ɗauki kaya da gine-gine, a nemi izini kafin a juya waya kan fuskar kowa.