Me Ya Sa Farantin Talabijin Ba Ya Kawo Intanet?

Mutane da dama suna tambaya ko farantin satalayit da ke kan rufin gidansu, wanda yake kawo tashoshin talabijin, zai iya kawo intanet shi ma. Amsar tana jikin wannan ƙaramar na'ura da kuke gani a gaban farantin, wadda masu haɗawa ke kira LNB. Aikinta sauraro ne kawai, ba ta aika komai, alhali shafin intanet ba ya zuwa sai an nemi shi.

A 1996, lokacin da kamfanin Hughes na Amurka ya fito da tsarin intanet na DirecPC ga magidanta, bayanai suna saukowa ne ta tauraron ɗan'adam, amma buƙatar mai amfani tana fita ta layin tarho. A shekarar 2000 hukumar ƙa'idojin sadarwa ta Turai, ETSI, ta fitar da tsarin DVB-RCS, wanda ya bai wa ƙaramin faranti damar mayar da saƙo sama da kansa.

Saukowa ba ta da wuya, domin babbar tasha ce da ke doron ƙasa take aika sigina guda, kowane faranti ya tsinci nasa. Komawa ita ce matsalar. Farantin intanet yana da wani akwatin ƙarfe da ake kira BUC: shi ne bakin farantin, wato mai aika saƙo, kuma ƙarfinsa sau da yawa wat ɗaya ko biyu ne, duk da cewa saƙonsa zai hau kilomita 35,786. Dubban faranti irinsa suna magana da tauraro ɗaya, kuma da za su yi magana tare, da saƙonninsu sun cakuɗe. Saboda haka cibiyar kula da tsarin tana yanka lokaci da zangon mita gunduwa-gunduwa. Faranti ya nemi izini, a ba shi gurbinsa, ya aika, ya yi shiru. Abin da ya fi burge ni shi ne cewa nisan Kano daga tauraron ba ɗaya ba ne da nisan Agadas, don haka dole kowane faranti ya ɗan riga ko ya ɗan jinkirta, domin saƙonsa ya isa daidai cikin gurbin da aka ware masa.

Saiti ma ba abin wasa ba ne. Farantin talabijin da ya karkace mai shi kaɗai yake cutarwa, amma mai aikawa idan ya karkace, yana iya shiga cikin siginar tauraron da ke maƙwabtaka.

Buƙata ta hau ta sauka, amsa ta hau ta sauka, shi ya sa ake jin jinkirin sama da rabin daƙiƙa. Taurarin tsarin intanet na Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, suna shawagi ne a tsayin kimanin kilomita 550, jinkirin ya ragu sosai, amma har a can saurin aikawa bai kai na saukarwa ba.